Gonar Baba da Littafin Auta

Gonar Baba kashi uku ce, kuma tun ina yaro nake ɗaukar wannan rabo a matsayin rashin tsari. Akwai ta tudu, bayan gari, inda yake cakuɗa gero da dawa da wake wuri ɗaya. Akwai ta tsakiyar fadama, inda ake dashen shinkafar zamani damana da rani. Sannan akwai wani ɗan yanki can cikin kwari, inda ruwan Rima ke fara kwanciya idan gulbi ya cika. A nan yake watsa jar shinkafar nan ta kakanni mai dogon kara, wadda ke tashi tare da ruwa. Ba ta da auki, abin da take bayarwa bai kai rabin na ta zamani ba, 'yan kasuwa ma ba sa rububinta. Duk da haka ban taɓa ganin damanar da Baba ya bar ta ba.

Ni ɗan Zauro ne, garin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Na karanta kimiyyar kwamfuta a Sakkwato, yanzu ina rubuta manhajoji a wani kamfani a Abuja. Sana'ata ta koya mini cewa duk abin da ya rikice, in ka zauna ka tsara shi zai miƙe. Da wannan tunanin na yi yunƙurin gyara wa Baba noma har sau biyu.

Shekarun da na fara aiki su ne shekarun da shinkafar Kebbi ta yi tashe. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya. A Disamba 2016 aka fara sayar da Lake Rice a Legas, ta haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi. A Agusta 2017 mukaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe katafariyar masana'antar gyaran shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Abokan aikina 'yan kudu da ba su taɓa jin sunan garinmu ba suka fara tambayata ko zan samo musu buhu. Na ji a raina cewa ni ma ina da abin da zan tsoma a wannan harka.

A lokacin na ci karo da binciken wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, wadda ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da wayar salula ke shiga ƙasar. Ta gano cewa inda sabis ya iso, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Nijar maƙwabciyarmu ce, Dosso ma kusan gida ce. Sai na ce ashe abin da ya rage wa manomanmu labari ne kawai. Na kwashe wata shida ina aiki da dare, na haɗa manhajar da ke tura wa manomi saƙon tes na farashin buhun shanshera a Jega da Argungu da Kamba da Birnin Kebbi. Na zo gida da ita lokacin girbin rani, na sa lambar Baba ta farko.

Saƙon ya shigo muna zaune a zaure. Na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji kuɗin buhu a Jega. Tun shekaranjiya na ji shi, ƙanen uwarka ya kira ni. To wa za ya kai man shi can? Mai taki shina nan ƙohwar gida tun da sahe, kuɗinai shika jira."

Da na koma na sake karanta binciken a natse, sai na ga ai 'yan kasuwa Aker ta fi bi, masu jari da mota da rumbun ajiya, waɗanda labari ke yi wa amfani don suna da halin jira ko ɗaukar kaya zuwa wata kasuwa. Baba ya san farashi sarai. Abin da ba shi da shi shi ne sati uku na numfashi kafin mai bashi ya ƙwanƙwasa ƙofa. Manhajar ta mutu kafin shekara ta zagayo, ba wanda ya yi kewarta.

Yunƙuri na biyu ya fi tsada. A Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje ta yi wuya, ta gida ta yi daraja. Da kullen korona ya zo a 2020 na dawo Zauro ina aiki daga gida. Na zauna na zuba komai a jadawalin Excel: kuɗin iri, taki, maganin ciyawa, ƙwadago, da abin da kadada ke bayarwa in an dasa Faro 44, wadda manoma ke kira sipi. Lissafin ya fita tas. Na ce wa Baba mu kama hayar ƙarin fili a tsakiyar fadama, mu cika shi da sipi, kwarin nan ma a daina ɓata shi da jar shinkafa. Na zuba kuɗin da nake tarawa na aure. Shi kuma, don kada ya watsa mini ƙasa a ido, ya sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu. Abu ɗaya ya ƙi. "Yi abin da kaka so da tsakiya," in ji shi. "Kwarin ga dai ka bar man shi."

Ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba ruwa ya zo. Wanda duk ke Kebbi a shekarar bai manta ba: daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, Bunza, Suru har Bagudo, fadama ta koma gulbi ɗaya. Sipi gajeruwa ce, ta nutse tana gab da fitar da kai. Na tsaya a bakin titi ina kallon ruwa shimfiɗe inda kuɗin aurena da san Baba suke, ban ga ko ganye ba. Jar shinkafar kwari ma ta sha wuya, amma rabinta ya miƙe ya bi ruwan sama. Da ita da geron tudu gidanmu ya ci abinci har girbin rani. Baba bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Kullum dare dai tuwon jar shinkafa ake ajiye mini a gaba, kuma na fahimci abin da tuwon ke faɗa.

A cikin waɗannan dararen ne, ina lalube a intanet ina neman wanda zan ɗora wa laifi, na faɗa kan sunan Theodore Schultz. Masanin tattalin arziki ne na Jami'ar Shikago, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1979 tare da Arthur Lewis. Laccar da ya gabatar ta karɓar lambar a kan talauci ce. Ya ce tunda yawancin mutanen duniya talakawa ne, kuma yawancin talakawa da noma suke ci, wanda ya fahimci tattalin arzikin noma ya yi nisa wajen fahimtar talauci. Daga nan na nemo littafinsa na 1964 kan yadda ake sauya noman gargajiya, na yi sati biyu ina fama da shi.

Abin da Schultz ya zo da shi ya saɓa wa abin da masana da jami'an gwamnati na zamaninsa suka yarda da shi. Su a ganinsu ƙaramin manomi malalaci ne ko mai taurin kai, al'ada ta ɗaure shi, sai an zo daga birni an nuna masa hanya. Schultz ya ce manomin talaka ne, amma ba ya ɓarna. Da ƙasar da yake da ita, da irin da ya gada, da jarin da ke hannunsa, ya riga ya kai maƙurar abin da za a iya samu, domin shi da iyayensa sun shekara ɗaruruwa suna gwadawa suna gyarawa. Baƙon da ya zo ya sake masa tsari da kayan da ke nan, ba zai ƙara masa komai ba, sai dai ya rage. Abin da ke ɗaga shi daga talauci shi ne sabon abu mai riba da bai taɓa samu ba, iri ko taki ko na'ura, da kuma farashin da zai sa wahalar ta biya. In ya ga riba, ba sai an roƙe shi ba.

Na yi mamaki da na gano cewa an gwada wannan magana a ƙasar Hausa tun kafin a haife ni. A shekarun 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da ke aiki a Samaru ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi manoman ƙauyuka uku na Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ana rubuta aikinsu da amfaninsu. A lokacin malaman gona na hana cakuɗa shuka, suna cewa a yi iri ɗaya a gona ɗaya. Norman ya nuna da alƙaluma cewa cakuɗawar ta fi ba manomi riba a kan wahalar da yake sha lokacin da aiki ya fi matsewa, kuma ta fi tsare shi daga asara. Wato gonar tudun Baba da nake raina wa, an riga an auna ta a jami'a an ga daidai take. Kwarin nan kuwa inshora ce, wadda yake biya da ƙarancin amfani kowace shekara don shekara irin 2020. Jadawalina na Excel ba shi da gurbin ambaliya. Na lissafa shekara mai kyau, shi kuwa yana lissafa shekara goma ne a haɗe.

Ko tarihin fadamarmu ya ishi misali. Tun 1969 aka tsara babban shirin ban-ruwa na Zauro: a yi ganuwar ƙasa a tsare ambaliya, a ja magudanai, a shayar da fiye da kadada dubu goma tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. A 1982 aka yi na gwaji mai kadada ɗari. Babban har yau yana kan takarda. Abin da ya mayar da fadamar Rima gonar rani ƙaramin abu ne: rijiyar burtsatse marar zurfi da ɗan injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda mutum ɗaya ke ɗaurawa a bayan babur. Sun fara yaɗuwa a shekarun 1980, shirin Fadama na shekarun 1990 ya ƙara musu gudu. Baba, mutumin da na ɗauka ba ya son sabon abu, tumaki ya sayar ya sayi injinsa na farko tun ina firamare, ba tare da wani ya tura masa saƙon tes ba.

Da nan Schultz ya tsaya, da na rufe littafin na ce to, boko ba shi da abin yi a fadama, in koma Abuja in kama bakina. Amma rabin maganarsa ke nan. Shi ne mutumin da ya yaɗa ra'ayin cewa ilimi jari ne da ake zubawa a jikin mutum, kamar yadda ake zuba shi a inji ko gini. Ya lura da yadda Jamus da Japan suka farfaɗo da sauri bayan Yaƙin Duniya na Biyu duk da an ragargaza masana'antunsu, domin abin da ke kan mutanensu bai ƙone ba. A wata maƙala ta 1975 ya fayyace inda ilimi ke yi wa manomi rana. Muddin duniya na tsaye, iri ɗaya, farashi ɗaya, yanayi ɗaya, abin da ɗa ya koya a bayan ubansa ya wadatar, makaranta ba ta ƙara masa buhu ko ɗaya. Ranar da abubuwa suka fara juyawa ne ake ganin bambanci, domin mai karatu da lissafi ya fi saurin gane cewa tsohon ma'auni ya tashi aiki, ya fi saurin laluben sabo. Daga baya wasu masana biyu, Andrew Foster da Mark Rosenzweig, suka duba ƙauyukan Indiya na lokacin da sababbin irin alkama da shinkafa suka shigo. A binciken da suka wallafa a 1996 sun ga cewa amfanin karatun firamare ya ƙaru a yankunan da sabon irin ya fi sauya noma.

To duniyar Baba ta daina tsayuwa. Cikin shekara goma ya ga bashin gwamnati ya zo, ya ga masana'antu sun buɗe, an rufe iyaka an buɗe, ambaliya ta share shi, takardun naira sun ɓace a farkon 2023 har sai da ya sayar da buhu ta taransifa a wayar wani. Sai kuma ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 600 kafin damana ta ƙare. Noman rani kuwa fetur ne ake mayarwa shinkafa.

A Nuwamban shekarar na zo gida na tarar an yanke shawara. Autanmu yana da shekara goma sha biyar, ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Bayan sallar isha'i Baba ya ce, "Auta za ya huta da makaranta rani guda. Ɗan ƙwadago yanzu ya hi ƙarhina, ga man inji. Shi tsare man injuna."

Na ce, "Baba, in ya fita rani ɗaya ba zai koma ba. Mun ga yadda ake yi."

"Ɗiyan unguwar ga nawa sunka ƙare sakandare? Ga su nan bisa kabu-kabu."

"Ai ni ma makarantar na yi."

"Kai ɗaya cikin nawa?" Ya miƙa hannu bayan tabarma ya jawo galan ɗin maganin ciyawa. "Shekara tara shina zuwa. Ba shi wanga shi karanta muna."

Aka kira Auta. Ya karanta rubutun jikin galan da ƙyar, yana tsallake kalmomi. Da aka zo kan awo, lita kaza a kadada, na tambaye shi nawa za a zuba a tankin feshi ɗaya in tanki goma ke gama kadada. Ya yi shiru, ya dubi ƙasa. Ni ne na ji kunya, ba shi ba. Ina Abuja ina tura kuɗin makaranta, ban taɓa zama na ji abin da yake ɗaukowa ba.

Daren nan ban yi barci ba, domin na san Baba bai yi kuskuren lissafi ba, kuma Schultz da kansa zai ba shi gaskiya ta fuska biyu. Ta farko, shi ne ya nace cewa babban kuɗin makaranta ba wanda ake biya a ofishin shugaban makaranta ba ne, aikin da yaron zai yi da yana gida ne. Ko da karatu kyauta ne, Baba na biyan kuɗin ɗan ƙwadago a madadin Auta. Ta biyu, jarin da ake magana a kai abin da ya shiga kai ne. Masana irin su Eric Hanushek sun nuna daga baya cewa abin da ke tafiya tare da bunƙasar arzikin ƙasashe shi ne abin da yara suka iya, fiye da yawan shekarun da suka zauna a aji. Uban da ya ga ɗansa ya shekara tara bai iya raba lita uku gida goma ba, in ya ce cinikin nan ba riba, ba jahilci ya faɗa ba.

Akwai kuma abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai. Schultz ɗan manomi ne, an haife shi a 1902 a wata gona a jihar Dakota ta Kudu. Bayan aji takwas aka tsayar da karatunsa ya koma gona, a shekarun da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa ma'aikata suka yi ƙaranci, kuma bai taɓa yin sakandare ba. Sai a 1921 ya shiga wani gajeren kwas na aikin gona da ake yi a watannin hunturu, lokacin da gona ba ta da aiki. Ta wannan ƙaramar ƙofa ya wuce har ya yi digirin digirgir a 1930. Shi ya sami ƙofar da aka daidaita da kalandar manomi. Auta ba shi da irinta, domin noman rani da zangon karatu na biyu lokaci ɗaya suke faɗowa.

Da safe na koma wa Baba da tayi, ba da hujja ba. Na ce zan biya ɗan ƙwadago na rani gaba ɗaya daga albashina, Auta ya zauna a makaranta. Amma da yamma da ranakun hutu zai riƙe littafin gona: kowane fili da shafinsa, lita nawa aka zuba, awa nawa inji ya yi, taki nawa, ƙwadago nawa, buhu nawa aka ɗauka. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "In kuɗinka na, ba ni hana ka." Ban haɗa wata manhaja ba wannan karon. Littafin rubutu mai shafi tamanin na saya da biro biyu.

Duk daren Juma'a Auta na ɗauko hoton shafukan ya turo mini ta WhatsApp ɗin yayarmu. Makonnin farko abin tausayi ne, lita da naira a layi ɗaya, ranaku a tsallake. Muka fara daga nan. A kan kuɗin fetur ya koyi rabawa, a kan buhunan yuriya ya koyi kashi cikin ɗari. Yaron da lissafin aji ke ba shi tsoro, da ya ga lambobin na injin da ya sani ne, wanda yake jin ƙararsa daga ɗaki, sai ya fara gardama da ni. Wata rana ya ce, "Yaya, ka yi kuskure, ran Talata inji biyu aka tayar." Na duba, gaskiyarsa.

Da aka yi girbi a watan Mayu 2024 muka tara shafukan. Filaye huɗu Baba ya noma a ranin. Uku sun fitar da kuɗinsu da ɗan abin da ya hau. Na huɗun, wanda ke gefen yashi, ya sha fetur kusan ninki biyu na sauran, ya kuma ba da mafi ƙarancin buhu. In aka cire komai, Baba biya ya yi don ya noma shi. Auta ne ya karanta masa, muryarsa na rawa. Baba ya sa aka maimaita, sannan ya ce, "Na san tana shan ruwa, tun zamanin tsohona haka take. Ban san ta kai nan ba."

Wannan jimlar ta fi duk abin da na karanta fayyace mini Schultz. Sanin Baba daidai ne, amma an gina shi a kan fetur mai arha. Da farashi ya ninka uku, filin da ke biya jiya ya koma rami, kuma ido ba ya ganin haka domin shinkafar kore take shar kamar kullum, kuɗin kuma daga aljihu ɗaya suke fita. Da sannu zai gane, bayan rani uku ko huɗu na asara. Littafin ya rage masa wannan jira zuwa rani ɗaya. Da rani ya zagayo, lita ta riga ta haura naira dubu, ya sa wa filin wake da kankana.

Ba zan ce daga nan komai ya miƙe ba, kuma a nan ne nake da ja da malamin nawa. Schultz ya yi imani da farashi. Ya daɗe yana sukar gwamnatocin ƙasashe matalauta da ke danne farashin abinci don su faranta wa mutanen birni, manomi ya ɗauki asarar. Mun ga haka da idonmu. A Yuli 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnati ta ba da sanarwar janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A Satumban shekarar kuma Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta a duniya, ta ɗage takunkumin da ta sa wa fitar da farar shinkafa tun Yuli 2023. Farashi ya sauko a kasuwar duniya. A 2025 buhun shanshera ya faɗi a Kebbi, taki da mai kuwa ba su bi shi ba. Shawarar da aka yanke a Abuja da New Delhi ta iso zauren Baba ba sallama.

Sai dai ni ma mutumin birni ne yanzu. Na yi auren daga baya, kuma ranar da maiɗakina ta dawo daga kasuwa tana murnar buhu ya sauko, na taya ta murna kafin in tuna wanda ya biya. Lokacin da aka rufe iyaka Baba ya ji daɗi, mai gadin ofishinmu kuwa ya rage kwanon da yake auna wa iyalinsa. Kasuwa ɗaya ce, ni ina tsaye a bakinta biyu. Abin da nake ganin Schultz bai ba shi isasshen nauyi ba shi ne cewa iya juyawa da zamani na bukatar mutum ya kai baɗi da ransa da jarinsa. Littafin Auta na iya nuna wa Baba ya rage shinkafa, kuma ya rage. Ba ya iya gina masa rumbun da zai jira farashi, ko ya biya shi in ruwa ya ci gona, ko ya sa a sanar da shi kafin ya yi dashe cewa za a buɗe ƙofar shigo da kaya. Waɗannan aikin hukuma ne da na masu jari, har da irina masu rubuta manhaja, in za mu fara tambayar manomi abin da ya rasa kafin mu kawo masa abin da muka iya.

Yanzu Auta na aji uku, yana shirin jarrabawar WAEC, kuma littafi na uku yake ciki. Maƙwabta biyu sun kawo nasu ya riƙa rubuta musu, suna ba shi na sabulu. Kuɗin jarrabawar ban biya ba. Na kira in tura, Inna ta ce Baba ya riga ya biya da kuɗin wake.

Zuwana na ƙarshe na same su a zaure da fitilar waya, ana shirin rani. Auta ya buɗe sabon shafi ya rubuta "Kwari" a sama, ya ce, "Yaya, wannan fa kowace shekara in na lissafa ba ta biyan wahalarta. In rubuta a daina?" Na ce ya tambayi mai gonar. Baba ya ce, "Rubuta ta. Amma ka ja layi ka sa shekarun da ruwa ya ci tsakiya, ni ka hwaɗa maka su." Ya fara ƙirgawa da yatsu, yana haɗa kowace ambaliya da haihuwar wani ko rasuwar wani, Auta na mayar da su lambobi. Sun koma baya har kafin a haife ni.

Da Auta ya fita na gaya wa Baba abin da yaron ya faɗa mini a asirce, cewa in ya ci jarrabawa injiniyanci yake so ya karanta a Aliero, ba lallai ya dawo fadama ba. Na zaci zai ce ai ga irinta nan. Ya daɗe yana juya littafin a hannunsa, ko da yake ba ya karanta boko.

"Shi tahi," in ji shi. "Amma kahin nan shi koya ma ƙanwatai ta wajen baffanku. Ta hi shi hankali."